Doguwar bindigar wasa mai harsashin soso: abin da na gani a kwana biyun farko

Kwalin da ta zo a ciki ya kai mini ƙugu, kuma da ƙyar na samu ya shiga Adaidaita Sahu, sai da na riƙe shi a tsaye tsakanin ƙafafuna har gida. Na saye ta ne a wani shagon kayan wasan yara a Kano domin ɗana mai shekara 9, wanda ya daɗe yana naci a kanta. Ba ƙirar Nerf ba ce, ko da yake duk wanda ya san kayan Nerf zai gane daga inda aka ɗauko fasalinta. Nerf ya fara ne da ƙwallon soso da kamfanin Parker Brothers na Amurka ya ƙera don a riƙa wasa da ita cikin ɗaki ba tare da an fasa komai ba, yanzu kuma yana hannun kamfanin Hasbro, wanda ya fitar da dogayen bindigogi irin Longshot a 2006 da Centurion a 2013, wadda tsawonta ya ɗan haura mita 1. Tawa tana cikin ɗimbin masu kwaikwayon waɗannan, an ƙera ta a ƙasar Sin, kuma ta fi su araha nesa ba kusa ba.

A cikin kwalin akwai gangar jikin bindigar, da dogon bututu da ake ɗaurawa a gaba, da ƙafafu biyu na jingina ta a ƙasa, da madubin saiti, da gidan harsashi mai cin guda 6, sai harsasai 12. Haɗa su bai ɗauke mu minti goma ba, domin kowane sashe yana shiga mazauninsa da ɗan ƙara, ba a bukatar sukundireba. Robar gangar jikin tana da kauri, ba ta motsi ko ƙara idan an matse ta, kuma gindinta yana zama daidai a kafaɗar babba. Ƙafafun ne ban yarda da su ba. Siraru ne, suna rawa, kuma ina kyautata zaton su ne za su fara karyewa ranar da wani ya zauna a kansu.

Ba ta aiki da batir, wanda a wurina babban alheri ne. A cikinta akwai sifirin da wani bututu mai aiki kamar famfon keke. Idan aka ja mariƙin da ke gefe zuwa baya, sifirin zai matse ya maƙale. Idan aka mayar da shi gaba, sai ya kwaso harsashi ɗaya daga gidansa ya shigar da shi inda iska za ta same shi. Da an taɓa kunama sai sifirin ya saki, iskar da ta taru ta tunkuɗa harsashin waje. Harsashin kansa soso ne mai rami a tsakiya da kan roba mai laushi, tsawonsa santimita 7 da 'yan kai, daidai da awon ƙananan harsasan Nerf da aka fi sani, saboda haka samun na canji ba zai zama abin wahala ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan wannan dogon bututu na gaba, tunda shi ne ya ba ta kwarjinin da ya sa yaro ya nace, ni kuma na biya. Mun jera gwangwanayen madara guda biyar a kan benci a tsakar gida, muka koma bakin zaure muka riƙa harbi, da bututun da kuma ba tare da shi ba. Abin da na gani shi ne bututun bai ƙara wa harsashi nisa ko taku ɗaya ba, hasali ma sau da yawa ya fi tafiya idan an cire shi. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya leƙa ciki: ramin bututun ya fi harsashin faɗi sosai, don haka iskar ta riga ta gama aikinta kafin harsashin ya iso wurin, abin da ya rage kawai shi ne ya goga jikin bango ya rage gudu. A bindigar gaske dogon baki yana da aiki, a nan kuwa ado ne tsantsa. Haka shi ma madubin saiti, babu gilashin da ke kusanto da abu a cikinsa, roba ce fara da aka zana wa layi biyu masu gicciye. Da na faɗa wa yaron haka sai ya ce, “Baba, ai in an cire ta zama ƙarama,” ya mayar da bututunsa ya ɗaura, ni kuma ban ja da shi ba.

Daga taku goma, ana samun gwangwani fiye da yadda ake kuskurensa. Daga taku ashirin kuwa sai sa'a, domin harsashin ba shi da nauyi, yakan karkace a hanya, kuma iska kaɗan ta la'asar ta isa ta kai shi cikin tukunyar fulawa. Nisan da aka rubuta a jikin kwali ba a samunsa sai an ɗaga bakin sama, kuma a lokacin ba a maganar saiti.

Ta cije mana sau uku a ranar farko, kuma duk ukun a hannun yaron ne. Jan mariƙin yana bukatar ƙarfi, tafiyarsa kuma doguwa ce, to idan hannu ya gaji a tsakiya aka mayar da shi gaba bai kai ƙarshe ba, sai harsashin ya lanƙwashe a ciki. Akwai 'yar ƙofa a sama da ake buɗewa a zaro shi, amma wanda ya taɓa murɗewa ba ya sake tashi daidai. Ƙanwarsa mai shekara 5 ko motsa mariƙin ba ta iya yi ba, abin da ya sa na ga gaskiyar rubutun da ke kan kwali cewa ta 'yan shekara 8 zuwa sama ce. Na kuma lura cewa harsasan da suka kwana a cikin gidansu sun ɗan baje saboda matsin sifirin da ke ƙasansu, don haka yanzu muna fitar da su da zarar an gama wasa.

Kafin in miƙa masa ita, na sa ya harbe ni a dantse daga taku uku. Ya yi ɗan zafi kamar an ɗalle ni da robar ɗaure kuɗi, bai bar shaida ba, kuma ko kusa bai kai haɗarin ƙananan bindigogin nan masu ƙwayoyin roba masu tauri da ke cika hannun yara lokacin Sallah ba. Ido kuwa wani abu ne daban. A 2017 likitocin asibitin ido na Moorfields da ke Landan sun ba da rahoton mutum uku da jini ya taru musu a cikin ido bayan irin wannan harsashi na soso ya same su, suka kuma yi nuni da cewa harsasan canji marasa suna sukan fi na asali taurin kai. Tunda nawa ma marasa suna ne, na matsa kan kowanne da yatsa na tabbatar yana lotsawa, na kuma sayo tabarau biyu na kariya irin na masu aikin katako, domin babu ko ɗaya a cikin kwalin.

Launinta shuɗi ne da fari, bakinta kuma ruwan lemo mai haske, irin alamar da dokar Amurka ta wajabta wa bindigogin wasa tun 1988 don a bambanta su da na gaske. Da rana babu mai ruɗuwa da ita, amma da magariba, daga nesa, siffar doguwar bindiga kawai ake gani, kuma a halin tsaron da muke ciki ba zan bar yaro ya fita layi da ita ba, balle ya shafa mata baƙin fenti kamar yadda abokinsa ya ba shi shawara. Iyakarta tsakar gida da zaure.

Ga mai fili a gida da yaron da hannunsa ya yi ƙwari, ta cancanci kuɗinta, muddin ya san cewa kusan sulusin tsawonta ado ya saya. Mai zama a ɗaki da falo gara ya nemi gajera, wadda za ta harba irin wannan harsashi zuwa kusan wannan nisa. Ya kuma haɗa da ƙarin harsasai tun a shago, domin daga 12 ɗin da muka fara da su shekaranjiya saura 8: biyu sun murɗe, ɗaya yana kan kwanon maƙwabta, ɗayan kuma har yanzu ana nema.