Hoton baiko: situdiyo ko bakin kogi?

Ƙanwata barka da arziki, Allah ya sanya alheri ya nuna mana ranar lafiya. Tsakanin situdiyo da waje da kike tambaya, ni dai waje, wajen ma bakin kogi, ki daina wahalar da kanki da tunani.

Namu hoton can ɓangaren Harobanda, hayin kogin Neja, muka yi shi cikin watan Disamba, lokacin kogi ya cika maƙil, don nan Yamai ruwan da ke tasowa daga Gine sai da sanyi yake iso mana, shi ya sa za ki ga ba damina ba amma ruwa har bakin gonaki. Mun isa bayan la'asar, ni da shi da ƙawata da ƙanensa mai riƙe mana jaka da ruwan sha. Maigidan nawa mutum ne mai kunya, gaban kamara sai ya ƙame, mai hoto ya yi ya yi ya saki fuska ya ƙi. Ana cikin haka wani mai kwale-kwale Bazabarme ya zo wucewa, ya hango zanen Gobir a fuskarsa, ai kuwa ya ɗaga murya wai wa ya yarda ya ba Bagobiri mata kyakkyawa haka, a zo a ƙwace tun ba a ɗaura ba. Maigida ya fashe da dariya yana rama masa, ni ma na kasa riƙewa na rufe baki da mayafi, mai hoto ya danna. Wallahi wannan hoton shi ne a bangon falona, uwata ma da ba ta son zancen hoton kafin aure sai da ta ce a wanko mata nata. Ba situdiyon da zai ba ki wannan.

Kuma hasken ne ma abin. In rana ta yi ƙasa haskenta na zuwa daga gefe, ja-ja mai taushi, ba ya yin baƙar inuwa ƙarƙashin ido irin na tsakar rana, fatarki ta fito yadda Allah ya yi ta, lallenki ya fito, shaddarsa ta fito da launinta. Amma lokacin gajere ne, daga wajen ƙarfe 5 zuwa kiran magariba, wanda da sanyi kusan 6 da rabi ne, don haka a gama makiyaj da ɗaurin kallabi tun a gida, kar a je can a tsaya neman madubi. In an tashi da hazo mai yawa ku ɗaga ranar kawai, tun farko ki faɗa ma mai hoton haka.

Situdiyo kuwa, to, akwai kilim mai sanyaya ɗaki, ba ƙura, ba yaran unguwa masu kallo, in baikon naku ya faɗo Afrilu ko Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ko kuma iyaye sun ce ba fita, ya yi. Iyakar abin da zan ce kenan. Hoton situdiyon da muka biya ranar kai goro yana cikin akwati, filashi ya bugi shadda ta yi ta ƙyalli, sun goge min fuska har ba ni ba ce, ga kujerar nan mai ruwan zinariya da rabin amaren garin nan suka zauna kanta.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba. Ki yi hankali da masu hoton Facebook da TikTok, da yawa hotunan da ke shafinsu ba nasu ba ne, na Kano da Abuja suke kwasowa su manna sunansu. Ki ce ya nuna miki aikin biki guda daga farko har ƙarshe, wanda ya yi nan garin a wurin da kika sani. Kar ki ba da kuɗi duka, rabi da resi, sauran sai kaya sun zo hannu. Ki tambaye shi baki da baki shi zai zo da kansa ko yaronsa zai turo, don wannan ma suna yi, kin yi ciniki da uban gida sai ki ga ɗan koyo da kamarar aro. Ku yanke hoto nawa zai gyara, wace rana zai kawo, kuma ya zuba miki su a kile, wato USB, in ta WhatsApp ne ya turo su a matsayin fayil, in ba haka ba WhatsApp na matse hoto, ranar da kika kai a wanke babba sai ya fito dishi-dishi. Mafi girma duka, ya rubuta miki cewa ba zai sa hotonku a shafinsa ba sai da izininku. Baiko ba aure ba ne, Allah ya tsare, amma hoto in ya shiga intanet ba ya dawowa.

Kaya kala 2 sun isa, kuma kar ku yi fari da fari. Ki karɓo ɗinki wajen tela mako guda kafin ranar, kin dai san halin teloli. Lalle a yi shi kwana 2 kafin nan don ya kama sosai, baƙin nan da ake haɗawa da maganin rina gashi kuma ki fara gwadawa a ɗan wuri, yana ƙona fatar wasu. Ki nemi izinin su Baba, ki tafi da ƙawa ko yayarki, kuma in mai hoto ya ce ku riƙe juna ki ce masa a'a, ba a ɗaura ba tukuna.

Kar ku tsaya ɗauka kan gadar Kennedy ko kusa da jami'an tsaro da gine-ginen gwamnati, ana iya karɓe kamarar. Kwale-kwale kuma a tsaya bakin gaɓa, akwai dorina cikin kogin nan. In ango ya ce shi fa ba ruwansa da bakin ruwa, ku je gidan tarihi na Boubou Hama, gine-ginen nan masu fari da shuɗi na fitowa da kyau a hoto, amma ku fara tambaya a ƙofa ko ana biyan kuɗin kamara kafin ku sa ranar.