PIKAIA: tsohuwar manhaja da har yanzu take biyan buƙatar mai binciken taurari

Duk ɗalibin kimiyyar taurari a Kano da ke neman manhajar da za ta daidaita lissafinsa da abin da na'urar hangen nesa ta auno, ba tare da ya biya ko sisi ba, ya kamata ya san PIKAIA. Paul Charbonneau da Barry Knapp ne suka rubuta ta da harshen kwamfuta na Fortran 77 a cibiyar High Altitude Observatory da ke Amurka, kuma a 1995 Charbonneau ya nuna amfaninta wajen lissafa saurin da taurari ke kewaya tsakiyar babban tarinsu da ake kira galaxy.

Dabararta kwaikwayon yadda 'ya'ya ke gadon halittar iyayensu ce. Tana fara aiki da amsoshi 100 na cinke, ta auna kowacce, sannan ta haɗa iri tsakanin waɗanda suka fi dacewa, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar gero mafi ƙwari domin shukar baɗi. Jefi-jefi takan sauya lamba ɗaya a cikin amsa ba zato, tana maimaita duk wannan har zuriya 500. Wannan sauyin ne ya fi burge ni, domin shi ke hana ta maƙalewa a kan amsa mai ɗan kyau alhali wadda ta fi ta tana can gefe, matsalar da tsofaffin hanyoyin lissafi suka sha fama da ita.

Sai dai ba ta da sauri ko kaɗan. Amsoshi 100 a zuriya 500 gwaji 50,000 ke nan, kuma idan kowane gwaji zai ci daƙiƙa ɗaya, aikin zai kai kusan awa 14. A garin da ake iya ɗauke wuta da tsakar rana, ga zafin bazara yana sa fankar kwamfuta kuka, dole mutum ya tanadi sola, ko ya ƙara wa manhajar layukan umarni da za su riƙa adana sakamako. Haka kuma wajibi ne a mayar da kowane adadi da ake nema ya zama tsakanin 0 da 1, kuma ba ta faɗin girman kuskuren amsarta. Wannan sai a nemo shi ta wata hanya.

Ga ɗaliban digiri na biyu da na uku, a ganina ta cancanci wahalar. Amma a maimaita aikin da lambobin farawa dabam-dabam, wato lambobin da take samar da amsoshin cinken farko daga gare su, kafin a kai wa malami sakamako.