Gwajin leƙa hanji da na yi: inda asibitin suka kyauta da inda suka gaza

Shekara uku ina ɗaga wannan gwaji. Yayana ya rasu da kansar hanji yana da shekara 58, Allah ya jiƙansa, kuma tun yana kwance likitansa ya tara mu ya ce duk wanda ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo kada ya jira shekara 45 ko 50 da ake fara gwada sauran mutane, ya fara tun yana 40. Ni a lokacin na daɗe da wuce 40. Na ji, na fahimta, amma ban je ba. Kunya ce ta riƙe ni, da tsoron zafi. Tunanin a kwantar da ni a zura min bututu mai kyamara ta dubura, mutane na tsaye a kaina, shi kaɗai yakan hana ni barci. A watan jiya dai na yi, ina da shekara 52, a sashen duba hanji na wani asibiti, kuma ina so in faɗi yadda suka riƙe ni saboda masu ja da baya irina.

Abin da ya fara kwantar min da hankali kiran waya ne. Saura kwana goma wata nas ta kira ni, ta yi kusan minti ashirin tana tambayata ba tare da gaggawa ba. Ina shan maganin ƙarin jini? Ina sha. Ta ce in dakata da shi mako guda kafin ranar, don yana baƙanta cikin hanji ya hana likita gani. Ina shan maganin tsinka jini ko na ciwon suga? Ba na sha. Daga nan, ban ma kai ga buɗe baki ba, ta ce, “Hajiya, kin fi son likita mace ta duba ki?” Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Tambayar da na yi shekara uku ina jin nauyin yi ke nan, ashe abu ne da suke tsarawa kullum. Ta matsar min da ranar da kwana biyu don ta dace da ranar aikin likita mace.

Wahalar gaskiya a daren wankin ciki take, kuma a nan ne asibitin suka gaza. Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi, kuma dole ya zama fes kafin kyamara ta iya ganin bangonsa. Don haka kwana biyu zuwa uku kafin ranar za ka bar abinci mai ɓawo da 'ya'ya da ganye, ana gobe kuma ka koma ruwa-ruwa mai haske zalla, sannan ka sha maganin wankin ciki. Nawa lita biyu ne, rabi da yamma rabi da asuba, kowane rabi a bi shi da ruwa mai yawa. Raba shi biyun nan dabara ce mai kyau, ya fi sauƙin sha kuma ya fi wanke hanji. Amma takardar bayanin da suka ba ni shafi ɗaya ce mai ƙananan rubutu, lokutan sha kawai ke ciki. Ba ta ce ɗanɗanon gishiri-gishiri da zaƙi-zaƙin nan zai tayar da zuciya ba. Kofi na uku na kusa amayar da shi duka. Ba ta ce a sanyaya shi a firji ba, ba ta ce a sha da tsinken shan lemo don ya wuce bayan harshe ba, ba ta ce a shafa man baselin tun kafin a fara zaryar banɗaki ba. Duk waɗannan sai da safe wata nas ta faɗa min, bayan fata ta riga ta yi ɗanye tana raɗaɗi. Na shiga banɗaki ya fi sau goma sha biyu a daren nan, ina rawar sanyi, ban san ko haka ya kamata ya kasance ba, kuma lambar da ke kan takardar ba mai ɗauka bayan an tashi aiki. Layi huɗu da za a ƙara a takardar nan da sun rage min rabin wahalar. Na faɗa musu, na kuma rubuta a takardar jin ra'ayi.

Da safe maigidana ya kai ni. An sa min ƙarfe tara, ba a shiga da ni ba sai goma da kwata. Ga wanda ya ƙoshi wannan ba komai ba ne, ga wanda ya kwana yana gudawa cikinsa babu komai kuwa, jira ne mai tsawo, kuma ba wanda ya leƙo ya ce ga dalili.

Amma da aka kira ni komai ya sauya. Ɗakin canja kaya nawa ne ni kaɗai, da makulli, da banɗaki a ciki. Bayan rigar asibiti sai nas ta miƙo min wani gajeren wando mai tsaga ta baya kawai. Ban san akwai irinsa ba. Ma'anarsa ita ce ba a tuɓe ka, inda za a yi aiki kaɗai ke buɗewa, shi ma sai ka kwanta an lulluɓe ka da bargo. Wanda bai taɓa jin tsoron tsiraici a gaban baƙi ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A wurina wandon nan ya yi daidai da allurar kashe zafi.

Likitar ta zauna a kujera, idonta daidai da nawa, ta shimfiɗa min zaɓi uku. Ana iya yi ba tare da komai ba. Ana iya ba ni iskar Entonox in riƙa shaƙa da kaina idan na ji ciwo, wadda take fita daga jiki da wuri. Ko kuma a yi min allura ta jijiya, midazolam mai sanya jiki ya saki tare da fentanil mai rage zafi, in kasance a farke amma kamar mai gyangyaɗi. Na zaɓi allurar. Ta ce, “Hajiya, duk lokacin da kika ce in tsaya, zan tsaya. Ke ce da iko.” Na riƙe wannan maganar.

Na kwanta ta gefen hagu, gwiwoyi a naɗe zuwa ƙirji, an maƙala min na'urar auna iska a yatsa. Bututun kaurinsa kamar ɗan yatsa ne. Shigarsa ba ta yi zafi ba, sanyin man da aka shafa kawai na ji da wani nauyi kamar mai jin bayan gida. Inda na ji jiki shi ne wata lanƙwasa da ke can ƙasan ciki ta hagu. Tun kafin a kai wurin likitar ta ce, “Yanzu za mu sha kwana, za ki ji murɗa na ɗan lokaci, ja numfashi a hankali.” Murɗar ta zo da ƙarfi, irin ta ciwon mara. Na ce ta tsaya, ta kuwa tsaya cak. Ta ɗan ja bututun baya, suka juya ni rigingine, nas ɗin ta dafa cikina da tafin hannu ta danna a hankali don kada bututun ya nannaɗe, ɗaya hannun kuma yana riƙe da nawa tana cewa, “Sannu Mama, kina ƙoƙari, saura kaɗan.” Aka wuce wurin. Na tabbata da murɗar nan ta zo min ba zato da na firgita na ɗaure jiki, kuma ɗaure jiki ƙara zafin yake yi. Sanin abin da ke tafe kafin ya iso shi ne babban abin da wannan likita ta ba ni.

Wani abu da ya kamata kowa ya tambaya kafin ya zaɓi wuri shi ne irin iskar da suke hura wa hanji don ya buɗe. Su da kabon dayoksaid suke aiki, wadda jiki ke tsotsewa da sauri ta fita ta numfashi. Wata ƙawata da aka hura mata iska ta yau da kullum ta yini cikinta a kumbure. Ni kafin awa guda kumburin ya sace.

A hanyar fitowa ne ake duba bangon hanji a tsanake, kuma likitar ta juyo min da allon ta tambaya ko ina son gani. Na kalla. Ta nuna min wasu tsiro guda biyu, ƙanana, ta sa wata 'yar waya mai zarge ta tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Ban ji komai ba, ko tsikari, domin bangon hanji na ciki ba ya jin yanka. Irin waɗannan tsiro ne wasunsu kan rikiɗe su zama kansa a hankali, cikin kimanin shekara goma, ba tare da wata alama ba. Ina kallon allon ina tuna Yaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum sama da 930,000 ne wannan ciwo ya kashe a duniya, kuma galibi abin da yake farawa da shi ke nan, ɗan abin da aka cire min cikin minti biyu.

Duka aikin bai wuce minti 35 ba. A ɗakin hutawa an ja min labule, nas ta ce kada in riƙe iska don kunya, fitarta ce sauƙina, kuma ta bar ni ni kaɗai. Na yaba da cewa ba su yi min bayanin sakamako ina cikin maye ba. Sun jira na wartsake na sa kayana, suka kira maigidana ya zauna, domin allurar nan tana sa mantuwa, kuma gaskiya wasu abubuwan da aka ce na faɗa a ɗakin hutawa ban tuna su ba. Suka ba ni rahoto a rubuce da hotuna, da gargaɗin kada in yi tuƙi ko in sa hannu a muhimmiyar takarda har awa 24, in kuma dawo nan take idan na ga jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani.

Zan koma wurinsu, kuma dole ma in koma: sakamakon ɗakin gwaji ya nuna tsiron ba kansa ba ne, amma saboda tarihin gidanmu an sa min shekara biyar. Ƙanwata tana da 47 kuma ita ma ɗagawa take ta yi. Na kai ta wurin nas ɗin nan mai kiran waya, an sa mata rana a wata mai zuwa tare da likitar da ta duba ni. Takardar wankin cikinta tana hannuna, na cika bayanta da rubutu, kuma a gidanta zan kwana daren da za ta sha maganin.