Warware tambayoyi ko gina manhaja: wanne ya fi ga mai koyon firogiramin?

Masu koyo suna yawan tambayata: su duƙufa kan tambayoyin LeetCode da HackerRank, wato shafukan intanet na gwajin firogiramin, ko su fara gina tasu manhajar?

Wajen kuɗi kusan ɗaya ne, dukansu ana farawa kyauta, data kawai za ka saya. Tambayoyin sun fi sauƙin shiga. An riga an tsara matsalar, ka rubuta amsa da yaren firogiramin irin Python, nan take a gaya maka ko ta yi. Haɗarinsu shi ne mutum ya warware ɗaruruwa amma ya kasa haɗa shafin da zai karɓi suna ya ajiye.

Gina manhaja, misali wadda za ta lissafa wa mai shago bashin da yake bin mutane, akwai wahala. Za ka kwana kana neman kuskuren da waƙafi ɗaya ya jawo, kuma da yawa a nan suke sarewa. Amma abin da ka koya a haka yana zama, ga kuma aikin nunawa a GitHub, shafin da masu firogiramin suke ajiye ayyukansu. Ni na fi karkata nan.

Mai shirin intabiyu a kamfani irin Google, tambayoyin ne nasa. Mai son yi wa kwastomomi aiki kuwa, ya kama gini.