Soja ko ɗan sanda a cikin zango?

Jama'a, ɗan sanda ko da halinsa na karɓar na goro, in ya kama ka dai akwai ofishinsu, akwai beli, kuma tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce cikin awa 48 a kai ka kotu ko a sake ka. Soja fa? Shi yaƙi aka koya masa, ba bincike ba. Ku tuna garin Ashaiman kusa da Accra a Maris 2023, an kashe soja ɗaya sai sojoji suka dira da asuba suna ta bulala, mutane kwance cikin taɓo, mai laifi da mara laifi duk ɗaya. Garin Ejura ma 2021 mutum 2 suka rasu da sojoji suka yi harbi. Wallahi mu a unguwar Nima ta Accra gara ɗan sanda, uwa ta san inda za ta nemi ɗanta.