Shafin gidan tarihin Met: hotuna kyauta, amma fa ba duka ba

Masu neman hotunan zane-zane da kayan tarihi don aikin dizayin ko bangon littafi, ku leƙa shafin gidan tarihin Met na New York wallahi ba za ku yi da-na-sani ba. Tun Fabrairun 2017 suka saki hotuna wajen 375,000 da lasisin CC0, wato ka ɗauka ka yi yadda ka ga dama, ko a riga ka buga ka sayar ba mai ce maka kanzil. Ba rajista ba cike fom, da ka ga alamar OA (Open Access, wato a buɗe yake ga kowa) a ƙasan hoto sai ka danna ka sauke, kuma hoton tangaran yake, zanen gonar alkaman nan na Van Gogh in ka zuƙo shi har tudun fenti da sawun buroshi kana gani.

Inda za ka ci birki sai ka zo kan masu zanen baya-bayan nan. Buɗe zanen Gertrude Stein da Picasso ya yi ka gani, ɗan ƙarami za a nuna maka kuma babu wajen saukewa. Nan kam ban ga laifinsu ba gaskiya, zanen nasu ne yana rataye a bangonsu amma haƙƙin mallaka na magadan Picasso ne, mutumin a 1973 ya mutu, ga shi a ƙasashe da yawa sai mai zane ya shekara 70 da mutuwa kafin aikinsa ya zama na kowa.

Abin da ya sa nake jinjina musu shi ne ba su yi irin ta wasu gidajen ba, da za su ɗauki hoton zanen da ya shekara ɗari uku su ce ai hoton nasu ne a biya su. A 2009 National Portrait Gallery ta Landan har barazanar kotu ta yi wa wani da ya loda hotunanta sama da 3,000 a Wikimedia, rumbun hotunan Wikipedia, alhali tun 1999 wata kotu a New York ta ce kwafe tsohon zane sak da kyamara ba ya haifar da sabon haƙƙi, Tarayyar Turai ma ta sa haka a dokarta ta 2019. Eh na san ɗaukar hotunan nan na cin kuɗi, amma dai.

British Museum ma na bayarwa, sai dai nasu lasisin ya hana kasuwanci, don haka in sayarwa za ka yi kar ka haɗa su da na Met a folda ɗaya.