Kayan Sarki Na Sojan Turawa: Falmaran Ta Yi, Maɓallai Sun Gaza

Wani tela a Legas ne ya ɗinka min kwafin kayan faretin rundunar nan ta Afirka ta Yamma da Lugga ya kafa a 1897, aka aiko min da su Birnin Kebbi ta tasha. Don in ajiye su kusa da hoton kakana, ɗan mazan jiya, na saya.

Falmaran ɗin ce ta biya kuɗina. Ja ce wur, an bi bakinta da zare ruwan ɗorawa, kamar yadda sojan ƙasa ke sawa. Masu igwa shuɗiya suke sawa, kuma telan ya san bambancin, don kafin ya taɓa almakashi sai da ya tambaye ni, "Alhaji, kakan naka na ƙasa ne ko na igwa?" Nan na san ba ɗan koyo ba ne. Jar darar ma ta tsaya ƙyam da tuntunta, jar ɗamara ta zagaye ƙugu da saura.

Kakin kuwa sai a hankali. Na zamanin da auduga ce mai kauri da ke shan sitaci har gajeren wandon ya kusa tsayuwa da kansa. Wannan yadi ne mai roba-roba, yana ƙyalli a rana. Maɓallan gwangwani ne aka shafa wa ruwan tagulla. Lambar hular na ɗauke da bishiyar kwakwar manja, daidai ne, amma an rubuta mata RWAFF, gajeren sunan rundunar da Turanci, alhali na nemi ta kafin 1928, shekarar da aka ƙara harafin R a sunan.

Masu saye don tunawa da yaƙin Bama su lura: dakarun runduna ta 81 da ta 82 ba da jar dara suka shiga dajin ba, koren kaya da malafa suka sa. Wannan na fareti ne.

Ga makaranta ko masu wasan kwaikwayo, kayan sun isa. Mai tara kayan tarihi kuwa sai ya sake maɓallai. Nawa dai a akwatin gilashi suke. Da halin tsaron da ake ciki daga nan har Gusau, ba na ba kowa shawarar fita da wani abu mai kama da kaki.